Tsakanin Gaɓa Biyu

Minti goma sha biyu jirginmu yake yi a ruwa
daga Esbjerg zuwa tsibirin Fanø.
Ni ce mai duba tikiti a bakin gada.
Na san tsakiyar teku, inda ba ka nan, ba ka can,
amma ban san jiki ma yana da irin wannan tsakiyar ba
sai ranar da wasiƙar asibiti ta iso.

Likita Abildgaard ta zana da'ira a bayan takarda.
"Ga bakin mahaifa. Ga inda ƙwayoyin suka sauya kama.
Ba sankara ba ce, Solvej,
ba kuma zan ce miki lafiya ƙalau ba.
Ko mu yanke wurin, ɗan mitsitsi, bai kai kan yatsa ba,
ko mu zuba ido, ki riƙa dawowa duk wata shida.
Sau da yawa jiki kan share ɗakinsa da kansa."

Na ce, in an yanke fa?
"Ƙofar takan gajarta. Wasu sukan haihu kafin lokaci."
In an bari fa?
Ta ajiye biro, ta dubi taga.
"Abin da ya lafa ba lallai ya mutu ba.
Shekara ashirin tana da faɗi."

Yayata Gunvor, da nata ya zo, ba ta kwana biyu tana tunani ba.
Ta ce a cire, aka cire.
Ɗanta ya zo bakwaini, ya yi mako biyar a kwalba,
yau shi ne ya fi kowa ihu a filin ƙwallo.
A waya ta ce mini,
"Kada ki kashe maciji ki bar kansa."
Na ce, ai ban ma tabbata maciji ba ne,
wataƙila igiya ce a cikin duhu.
Ta ce, "Wa ke kwana da igiyar da ke motsi?"

Troels bai ce komai ba.
Ya wanke kwanuka har sau biyu a daren nan.
A kabad akwai 'yan safa da muka saya tun bara,
ba mu gaya wa kowa ba.

Na zaɓi ido.

Jira ma aiki ne, ba a dai biyan lada.
Wata shida ina yagar tikiti,
ina ƙirga fitilun gaɓa,
ina sauraron jikina kamar mai sauraron maƙwabci ta bango.
Sai gadon gwaji, ƙarfe mai sanyi,
da silin ɗin da na haddace tsagoginsa.
Zuwa na biyu, babu canji.
Zuwa na uku ta yi murmushi: "Ya koma."
Na miƙe zan tafi, ta riƙe mini hannun riga.
"Komawa ba sallama ba ce.
Wuta kan yi barci a ƙarƙashin ƙaiƙayi.
Duk ranar da muka kira ki, ki zo,
ko da kin yi furfura."

Ebba ta zo a cikakken watanta, da gashi cunkus.
Gunvor ce ta fara ɗaukar ta.
Ba wadda ta ce wa wata, "Kin gani ko?"

Shekara tara ke nan.
Wasiƙar bana ta yi wata biyu a ƙarƙashin kwandon tufa,
ina ganinta, ina kawar da kai.
Jiya na tarar Ebba ta zana jirgi a bayan ambulan,
ba gaɓa a gabansa, ba gaɓa a bayansa.
Na ce, ina za shi?
Ta ce, "Yana tafiya ne kawai, Mama."

Na buga waya.
Sun ba ni Talata, ƙarfe tara da kwata.
Sai na nemi wanda zai riƙe mini jirgin safe.