Gwangwanin Tawada Ɗaya

Wata uku kafin zaɓe ba mu san barci ba a Shomolu.
Inji yana tari, yana aman fuskoki,
da safe mai hula, da yamma mai tabarau,
murmushinsu na fitowa da ɗumi
kamar burodin Agege daga tanda.
Gwangwanin tawada ɗaya ya ishe su duka.
Ni na zuba, ni na sani.

Maigidana, Baba Morufu, yakan ce,
"Tanimu, takarda ba ta da jam'iyya,
sai dai mai biya."
Na yarda, tunda albashi ya daina makara.

Ran Asabar na bi layi tun da sanyin safiya
a bayan Nkechi mai kantin magani.
Ta riƙe mini gurbi na je na yi azahar,
na riƙe mata ta je ta shayar da ɗanta.
Aka ƙirga a gabanmu da hasken wayoyi:
ɗari biyu da sha ɗaya, ɗari da casa'in.
Muka tafa, muka ɗauki hoto.
Da dare ya raba, adadin ya shiga mota,
ya haye gada,
ko da ya fito ta bakin rediyo
ya yi ƙibar da ba mu gane shi ba.

Litinin yara suka shigo, idanu jajur.
A DAWO MANA DA ƘURI'UNMU, kwafi dubu biyu.
Wani siriri mai wushirya ya biya,
kuɗin duk a cukurkuɗe, na karo-karo.
Talata wasu suka zo da sababbin kuɗi a ɗaure:
ZAƁE YA WUCE, KOWA YA KAMA GABANSA.
Injin bai yi tambaya ba.
Ni ma haka.

Laraba hayaƙin taya ya shanye Ojota.
Ba danfo, ba ihun kwandasta,
Ikko ta yi shirun da ban taɓa jin ta yi ba.
Na tako da ƙafa har Oshodi,
samari masu gora suka tare ni:
"Kai ɗan ina ne?"
Na amsa da Yarbancin da na koyi tafiya a cikinsa.
Suka ce baki ya yi, fuska ce ba ta yi ba.
Bayan layin dogo a Agege aka binne cibiyata.
Kakana fataucin goro ya zo,
hanyar komawa ta ɓace masa.
In na je Kano, ɗan Ikko ne ni.
A nan kuma, sai da na ciro naira dubu
kafin na zama ɗan ƙasa.

Nkechi ta ja ƙofar kantinta ta sa kwaɗo biyu.
Mun haɗu a bakin famfo, mun gaisa,
gaisuwar ta yi gajarta.
Ban san wa ya datse ta ba.

Ran Juma'a wata mata ta shigo, ɗankwali a karkace,
da hoto a cikin leda.
Na ga wushiryar kafin na ga sunan.
Kolapo. Shekara ashirin da uku.
Ta ce, "Kwafi hamsin kawai.
A ƙara masa haske, hoton ya yi duhu."
Baba Morufu ya buɗe baki zai yi maganar takarda,
sai ya rufe.
Ya tura mata kuɗinta da bayan hannu.
Na karkata gwangwanin nan, na kankare gindinsa.
Abin da ya rage ya isa.

Yanzu magana tana kotu, an ce sai bayan damina.
Shuɗin da aka shafa mini a yatsa ya goge tuni,
baƙin ƙarƙashin farcena ne ya ƙi sabulu.
Jiya na sayi ƙosai a tashar Pen Cinema,
aka ƙunshe mini a rabin fuskar wanda ya ci.
Mai ya ratsa murmushin,
har ina hango yatsuna ta cikinsa.