Fasinjan Ranar Lahadi

Ƙarfe goma saura kwata, duk Lahadi,
shekara goma sha ɗaya ban fasa ba,
nakan tsai da tasi a ƙofar gida mai lamba shida,
can saman tudun Keighley, inda yayyafi ba ya hutu.
Kafin in danna hon ya fito,
takalmi na ƙyalli kamar an lashe,
sanda a dama, littafin waƙoƙi a hagu.

Cyril Holdsworth. Ran da ya fara shiga motata
ya ji ina waya da ƙanwata a Funtuwa,
ya bari na gama, ya gyara murya,
ya ce, "Sannu. Ina gajiya?"
Saura ƙiris in saki sitiyari.

Hausarsa ta bariki ce, ta tsufa a bakinsa
kamar kwabo mai huji a ƙasan adaka:
ruwa, harsashi, kwanta ƙasa, a hankali,
sai kuma "Allah ya kiyaye".
A Bama ya tsince ta yana ɗan ashirin,
cikin dajin da rana ba ta taɓa ƙasa,
inda sauro ke ƙarasa wanda bindiga ta bari.

Bai cika zancen yaƙi ba.
Sai in danja ta daɗe ba ta ba mu hannu ba
yakan ambaci Kofur Tanimu, mutumin Gumel,
wanda ya goya shi kwana biyu
zazzaɓi na dafa shi,
ya ƙetare kogi da shi, ruwa iya wuya,
ya ajiye shi, ya koma ɗauko wani.
Nan labarin ke tsayawa kullum.
Kore ta kama, mu wuce.

A coci aikinsa tsayuwa a bakin ƙofa
yana miƙa wa masu shiga littafi.
Ya san wanda gwiwa ta hana barci,
ya san wadda ɗanta ya daina kira.
Benci na huɗu, gefen taga, nan ne nasa;
tun rasuwar Doreen yake barin wurin mutum ɗaya,
ya ɗora hularsa a kai.
Rufi ya yi yoyo, shi ne mai tara bokiti.
Jama'a ta zube daga ɗari biyu zuwa goma sha tara,
muryarsa ba ta ragu ba,
ko da yake, a faɗi gaskiya, ba ta taɓa yin daɗi ba.

Ni ina waje, inji a kashe,
carbi a hannu, amon na iso ni ta bango.
Bai taɓa ce mini shigo ba,
ban taɓa ce masa fito ba.
In azumi ya kama, alewarsa ba ta barin aljihu
sai na sauke shi.
Wata rana ya ce duk mako yana sa Tanimu a addu'a,
ko hakan laifi ne a wurinku?
Na ce, Baba, alheri danƙo ne.

Saura wata biyu ya cika ɗari
aka tarar da shi a kujera, shayi ya huce,
takalman gobe a goge a gefen murhu.

Ran jana'iza na shiga, karo na farko.
Ashe ɗakin bai kai girman amonsa ba.
Wata tsohuwa ta miƙo littafi, na karɓa hannu biyu.
An shimfiɗa tuta, an jera lambobin yabo huɗu,
wani yaro ya busa begila, ya ɗan kuskure.
Fasto ta lissafa aure, masaƙa, jikoki, tattaɓa kunne,
ta tsallake kogi ɗaya, don ba ta san da shi ba.
Ni na faɗi sunan Kofur, can ƙasa-ƙasa,
kada ya zama ba a gayyace shi ba.

Jiya, ban ankara ba,
sai ga ni a lamba shida, goma saura kwata.
An cire labule, an kafa allon sayarwa.
Na kashe mita, na zauna minti biyar,
jiran da bai taɓa sa ni yi ba.

Ka sauka, soja, an iso.
Allah ya huta gajiya.