Wuƙa Marar Ƙota

Mutari, aje fatar nan, zo ka zauna,
tun rana ba ta hau duwatsun Birni ba.
Ga gwangwanin da Cima ta kawo daga labo,
farin gari a ciki, ka ce na rogo,
ba ya wari, ba ya motsi.
Kar shirunsa ya ruɗe ka.

Kakanmu Ɗan Jimo da kashin tantabara ya yi aiki,
yana bin soraye da ƙwarya tun asuba,
ya jiƙa, ya tsoma fatar jar akuya,
ta fito da laushi kamar kunnen jinjiri.
Har ya koma ga Allah bai san sunan mai aikin ba.
Cima ta ce inzayim ake ce masa,
wuƙaƙe ne ƙanana, ido ba ya kama su,
ba ƙota, ba kube, ba maƙerin da ya wasa,
aikinsu ɗaya: su sami furotin su yanka.
Na ce, furotin kuma wane ne?
Ta kama tsokar hannuna ta ce, ga shi.

Shi ya sa innarka ke naɗe naman tsohon sa
a ganyen gwanda kafin ta ɗora tukunya.
Shi ke cikin garin wankin da ke cire jini
daga rigar mahaucin kasuwar Dole.
Har cikinka akwai danginsa,
su suka narkar da kilishin jiya.

Yana da hali irin na tsofaffi.
Ruwan sanyi, sai ya yi barci.
Tafasasshe, sai ya mutu, ba ya tashi.
Ba shi ɗumi irin na jikin akuya mai rai,
ka ga aiki:
ya share saura tsakanin zaren fata,
ya buɗe ƙofa don bagaruwa ta shiga.
Kuma ba ya gajiya, ya yanka nan ya wuce gaba,
bai san an gama ba sai ka gaya masa da ruwa.

Ni na manta ban gaya masa ba.
Fata sha biyu na dukawan Zango,
na tsoma, na tafi gaisuwar mutuwa Mirya,
na ce yanzu zan dawo.
Da magariba na ɗaga ta fari,
yatsana ya wuce ta kamar tuwon da ya kwana a ruwa.
Wata uku ina biyan bashi.

Wata rana kuma na hura ƙurarsa daga murfi,
kamar mai hura shayi.
Kwana uku ƙirjina yana busa sarewa,
likita ya ce, Malam, huhu ma nama ne.

To saurara.
Rufe hanci da baki kafin ka buɗe murfi,
sa safar roba, sa tabarau ko sun yi ma dariya.
Duba inda iska ke kaɗawa, ba ta baya.
In ya zube, ban da tsintsiya,
tsumma jiƙaƙƙe, a hankali.
In ya faɗa ido, zuba ruwa, ka yi ta zubawa,
na san kuɗin jarka a garin nan,
amma ba a sayar da ido a Dole,
sannan ka nufi asibiti.
Rufe shi ruf, aje inuwa, nesa da laima,
can sama inda hannun Habsu ba ya kai,
kuma kar ka juye shi a gwangwanin madara.

Tashi, taɓa ruwan da gwiwar hannu.
Ya yi? To miƙo cokali.
Yau ko wa ya mutu,
muna nan bakin kwatarniya sai an tsame.