Mai Makulli

Tsakar dare yake zuwar mini:
zafi ya taso daga ƙirji ya haye wuya,
fuska ta ɗau wuta kamar na leƙa murhu,
zufa ta jiƙa matashi sharkaf,
can kuma sanyi, ina laluben mayafi.

Tabawa ta ce iska ce.
Wata uku ina turara jiki da hayaƙinta,
ba ta sake zane ba.

Ran kasuwar Auyo na ratse asibiti.
Sahura, 'yar gidan Ilu mai faci,
wadda na goya tana majina,
ita ce yau da farar riga.
Ta ɗaure min dantse, ta matsa, ta kasa kunne,
ta ja wata kalma a kati, doguwa kamar tana.

Na ce, juya min ita da Hausa.

Ta ce, Gwaggo, mu komai jijiya muke cewa,
alhali biyu ne.
Ɗaya magudana ce, jini ke bi.
Ɗayar siririya, zaren gizo ya fi ta kauri,
ta nannaɗe ta farkon tana ba ta umarni:
tsuke, ko saki.
Kalmar nan sunan aikinta ne.
In sanyi ya kama, ta tsuke, yatsu su ƙandare.
In kin sha rana, ta saki,
jini ya taso fata ya sha iska.
Taki kuwa, tun da al'ada ta fara sallama,
takan buɗe ƙofa ba wanda ya aike ta.

Ban ji sauran ba.
Hankalina ya tafi ga marigayi Tanimu,
shekara sha tara makullin kanal na rataye a ƙugunsa.
Kafin kiran assalatu ya murɗa ƙarfe,
ruwa ya gangara shinkafar Gamsarka,
ya dawo da taɓo har gwiwa.
Ranar da ruwa ya zo daidai
ko sannu ba mai ce masa.
Ranar da ya yi ambaliya
har yara sun san sunansa.

Ashe ni ma da nawa mai makulli,
hamsin da biyu yana kwana a tsaye
ban taɓa tambayar lafiyarsa ba.

Daren jiya da ya sake buɗewa
ban nemi garwashin Tabawa ba.
Na tashi zaune, na jawo mafici,
na ce, sannu da aiki, malam.
Rage kaɗan,
gonar ta sha.