Kashi Goma Cikin Ɗari

Da asuba na bar Mai Wurno,
Shuɗin Nilu bai gama wanke ido ba.
Takarduna a cikin leda, ledar a cikin riga,
rigar kuwa ta manne da bayana
kamar tana bina bashi.

Shekara bakwai na yi a Kudu riƙe da bindiga,
biyu daga ciki a fadamun Malakal,
ruwa har gwiwa, takalmi ba a cirewa sai Juma'a.
Can ƙaiƙayin ya soma, tsakanin yatsu,
ya haura sangali, ya kwana a cinya,
ya wayi gari ya kafa sansani a gadon baya.
An gama yaƙi, manya sun sa hannu a takarda,
shi bai ga takardar ba.

Bara likitoci uku suka zauna a Omdurman,
fanka tana juyi, shayinsu yana hucewa.
Ɗaya ya ce in ɗaga riga.
Daga nesa ya duba, da tsinin biro.
Ran nan, don rashin sa'a, cutar ta yi lamo
kamar kare mai cizo da ya hango sanda.
Suka rubuta: kashi goma cikin ɗari.

Goma!
Da wane mudu kuka auna?
Kun auna daren da nake susa da totuwar masara
har Kaltume ta tashi ta sake zanin gado?
Kun auna hannun da maƙwabci ke miƙo min rabi,
ya janye rabi?
Jikata Sa'adiyya ta tambaye ni ko ni kada ne.
Na yi dariya.
Wannan dariyar kashi nawa ce?

Sajan Gambo da ya rasa ƙafa an ba shi sittin.
Ba na ƙyashi, ƙafa ba wasa ba ce.
Amma shi ciwonsa yana riga shi shiga ɗaki,
nawa sai na tuɓe, na roƙi a duba.

Yau na dawo ɗaukaka ƙara.
Ga hoto huɗu da ɗana ya ɗauka da waya
a tsakiyar bazara,
sa'ad da fatar ke tsattsagewa kamar lakar bakin kogi.
Ga wasiƙar Kofur Tijjani, wanda muka raba bargo,
ga kwalaben man shafawa sha ɗaya, duk wayam.
Kwana uku ban shafa komai ba, da gangan,
don ta fito ta yi wa kanta shaida.

Magatakarda ya ce, "Bukra, in sha Allah."
Na ce ni ma a Larabcin na girma, yaro,
na san tsawon goben wannan ofis.
Na shimfiɗa darduma a inuwar darbejiya,
na sayi shayi wajen matar bakin ƙofa.

Ba sadaka na zo nema ba.
Fatar nan lafiya lau na miƙa wa gwamnati
ina ɗan ashirin da biyu,
aka dudduba ta, aka buga hatimi.
Ku buɗe fayil ɗin farko ku karanta,
sannan ku matso kusa, ku ajiye biron,
ku ga abin da aka mayar min.