Funfunar da Na Saya da Kuɗina

Shekara talatin da ɗaya ina ƙarƙashin leda
a nan Nihar, tsakanin dutse da teku,
inda rumfuna suka rufe ƙasa fari fat
har tsuntsu ya rasa wurin sauka.
Ni ne Anselmo. Tumatir ya san tafin hannuna.

Farin ƙuda kuwa ya fi matata sanina.
Ka taɓa ganye, su tashi kamar an busa toka,
su koma, su kafa baki, su tsotse,
su bar danƙo, danƙon ya yi baƙi kamar gindin tukunya.
Na fesa musu mai jan murfi, suka lashe baki.
Na kawo mai shuɗin murfi, jikokinsu suka yi wanka da shi.
Ni na kwashi tari.
Ni hannuna ke rawa in na ɗaga kofin gahawa.

Sai ga Makarena, autata, ta dawo daga karatu,
ta ajiye wani ƙunshi a firji, kusa da cuku.
Na ce, mene ne? Ta ce, funfuna.
Na yi dariya har na ƙware.
Funfunar da ta cinye mini kokwamba shekarar da aka haife ki,
ita zan saya da kuɗina?
Ta ce, Baba, waccan ganye take ci.
Wannan nama take ci.

Ta hana feshi da rana, wai rana na kashe ta.
Muka jira inuwa ta sauko daga dutse,
ta dama garin a ruwa,
muka bi layi muna ɗaga ganye kamar masu neman allura,
muka rufe tagogi don laima ta kwana ciki.

Kwana ɗaya, shiru.
Kwana uku, shiru.
Guba ko ba komai tana nuna maka gawa kafin ka wanke hannu.
Maƙwabcina Fulhensiyo ya leƙo ta ƙofa:
Ya baƙuwar taku, ta farka kuwa?
Na haɗiye amsa, ta tsaya mini a wuya.

Ran na bakwai ta miƙo mini gilashin ƙara girma.
Bayan ganye, ga su jere, ba motsi,
kowanne a naɗe cikin farin zare
kamar auduga ta tsiro daga cikinsa.
Ta ce, ƙwayar ta sauka a gadon bayansa,
ta huda, ta shiga, ta cinye gida, ta fito ta taga,
yanzu kowace gawa rumbun iri ce.
Na daɗe a durƙushe har gwiwa ta yi tsami.
Ban san abin da na ji ba. Ba murna ba ce tsantsa.

Kada in yi maka ƙarya, yaƙi bai ƙare ba.
Busasshiyar iska ta zo a watan Mayu,
ta ƙone mana kusurwar kudu,
ƙudaje suka dawo kamar masu bin bashi.
Muka sake damawa.

Amma ƙudan zuman da muke saye a kwali
suna nan suna shiga fure suna fita,
na daina share gawarsu da safe.

Da yamma za ka gan ni da bokiti,
ina jiƙa hanya tsakanin layuka,
ni da na tsufa ina korar laima.
Jiya Fulhensiyo ya tambayi sunan garin, yana kallon takalminsa.
Na ce ya je wurin Makarena.
Ni har yau bakina bai iya furta shi ba.