Takarda Mai Gida Biyar

Dakta Davou ya miƙo min takardu ɗari biyu,
kowace tambaya da gida biyar a gabanta:
kullum, sau da yawa, jefi-jefi, da wuya, ko kusa.
Ya ce, "Je ki Farin Gada ki auno mana tsoro,
ki kawo shi a lamba,
don kwamfuta ba ta iya karanta fuska ba."

Na isa ana sauke kabeji, sanyi na cizon kunne.
Ngo Kangyang na ware dankali, manya nan, ƙanana can.
"Mama, a wata ukun nan, barci na ƙin zuwa?"
"Lafiya lau."
"Gabanki na faɗuwa in kin ji ƙara?"
"Mun gode Allah."
Na leƙa gidajen nan ɗaya bayan ɗaya,
ban ga inda ake ajiye godiya ba.

Sai tayar akori-kura ta fashe a bakin titi.
Kafin in ɗago, tana ƙarƙashin tebur,
dankali na gangarawa kwata.
Ta fito tana kakkaɓe zani, tana dariya:
"Rubuta 'da wuya', 'yata."
Na rubuta. Baki aka tambaya,
ba a raba wa gwiwoyi takarda ba.

Duk da haka takarda ta yi rana.
Mako biyu, daga Gangare har Tudun Wada,
ta nuna masu kwana kusa da gada sun fi juyi a gado.
Na yi tsalle, na ce gadar ce!
Dakta ya ce, "Ko sauro? Ko injin niƙa?
Zakara na cara, gari na wayewa,
amma ba shi ya jawo rana ba."

Na ɓoye biro, na zauna teburin mai shayi,
in ga mutane yadda Allah ya yi su.
Kwana biyu ina kwasar zance ɗanye.
Ran na uku wani ya gano ni,
aka gyara hula, aka gyara murya,
kowa ya koma mai sharhi a rediyo.
Ashe ido ma hannu ne,
bai taɓa kallon abu ya bar shi yadda yake ba.

A Naraguta muka ja labule,
muka jefa kwabo, ya raba yara gida biyu.
Waɗannan a sa musu ƙara a kunne, waɗancan shiru,
na'ura na ƙirga bugun zuciya.
Aiki tsaf, kamar tuwo a sabuwar akushi.
Sai dai 'yan aji biyu ne masu neman maki,
sun san ƙarfe sha biyu za a ba su lemo da biskit.
Cikinsu babu wanda ya taɓa gudu da goyo,
bai san inda ya nufa ba.

Malam Sabi'u mai gyaran agogo a Dilimi,
Asabar bakwai na zauna gabansa.
A ta shida, yana hura ƙurar wani ɗan ƙarfe,
ya ce tun waccan shekara da takalmi yake kwana.
Zurfinsa ya kai kududdufin kuza,
amma kududdufi ɗaya ba shi ne Filato ba.
Ya ce min Juma'a abin ya faru, wata ran ya ce Lahadi.
Ni ma da nake tambayar,
ban tabbata ban karkato masa harshe ba.

Yanzu ina babi na biyar.
Mudu na hannun dama, guga na hagu,
ɗaya faɗi, ɗaya zurfi, kowanne na yoyo.
Jiya na koma sayen dankali.
Ta ce, "Ke mai tambaya, kina barci kuwa?"
Na ce, "Lafiya lau."
Ta dube ni, ta daɗe,
ta ƙara min uku gyara,
ba ta rubuta komai ba.